JAN KUSA: YADDA ƘARFE KE KARKATAR DA ALLURAR MAI AWON FILI

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin fili ya gabatar a babban taron ƙungiya, Sabo, Badun)

 



Shugaba ya umurce ni in tashi in yi wa jama'a bayani a kan abin da ya sa har yau kwamiti bai biya cikon kuɗin filin nan na wajen Moniya ba, alhali kuwa an ba da kafin alƙalami tun tuni, da kuma dalilin da ya sa muke roƙon a ƙara mana kuɗi don ɗaukar safiyo mai rajista. Mun ji ƙorafin da ake yi, kuma ba mu ga laifin kowa ba, domin kuɗin nan gumin jama'a ne. Akwai na mai goro, akwai na mai tsire, akwai na mai turin ruwa, akwai na tsofaffin da ke sayar da ƙosai a ƙofar gida. Wasu suna cewa ai masu ƙasar sun riga sun kawo mutuminsu ya auna da kamfas da igiyar awo, ya ba da takarda, mene ne kuma na sake kashe kuɗi? Wasu samari ma sun ce in dai kamfas ne, ai akwai shi a wayar kowa, kyauta. To, a kan kamfas ɗin nan zan yi magana, in kuma na ɗan ja lokaci a yi mini haƙuri, saboda filin da za a yi maƙabarta da masallaci da makarantar Islamiyya a cikinsa ba abin da ake yi wa gaggawa ba ne.

Kowa ya san mayen ƙarfe, wanda masu boko suke ce wa maganaɗisu. 'Yan'uwanmu 'yan gwangwan ba sa rabuwa da shi, sukan ciro shi daga tsohuwar sifika su sa a aljihu. In an kawo musu kaya sai su kanga shi: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, in bai kama ba, to jan ƙarfe ne ko alminiyom ko tagulla, kuma kuɗinsu daban. Allurar da ke cikin kamfas ita ma ɗan ƙaramin mayen ƙarfe ce, an ɗora ta a kan tsini don ta riƙa juyawa yadda take so. Ita kuma duniyar nan da muke kai, Allah Ya halicce ta da irin wannan ja a cikinta, shi ya sa in an saki allurar takan tsaya kai ɗaya yana duban arewa, ɗaya yana duban kudu. An raba da'irar kamfas gida 360, ana ce wa kowane gida digiri. Arewa sifiri, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Mai awo zai tsaya a kan dutsen iyaka, ya hango ɗaya dutsen ta ƙofar na'urarsa, ya karanta lamba, ya rubuta cewa iyakar nan ta miƙa a kan digiri kaza, tsawonta ƙafa kaza. Abin da ke cikin taswirar fili ke nan a taƙaice: fuska da tsawo, fuska da tsawo, har a kewayo.

Inda gizo ke saƙa shi ne, allurar nan ba ta san arewa ba. Ita dai ja take bi. Jan da duniya take yi mata kuwa ba shi da wani ƙarfi can, ko ƙusa ba zai iya ɗagawa ba. Saboda haka duk wani baƙin ƙarfe da ya matso kusa da ita yakan sa hannu a cikin lamarin, sai allura ta tsaya a tsakani, ba ta bi arewa sosai ba, ba ta bi ƙarfen sosai ba. Kuma ba za ta yi rawa ko ta nuna wata alama ba, za ta tsaya cak kamar mai gaskiya. Masu safiyo suna da sunan da suke kiran wannan abu a makarantarsu, ma'anarsa ja na wurin da aka tsaya. Ni dai zan kira shi jan kusa. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to haka allurar kamfas take da ƙarfe.

Me ke kawo jan kusa? Na farko abin da ke jikin mai awon kansa: makullai, wuƙa, agogon ƙarfe, tabarau mai ƙarfe, kan bel, wayar hannu, har da sarƙar awo da turakun ƙarfen da yaransa suke ɗauke da su in sun tsaya a gefensa. Waɗannan masu sauƙi ne, a ajiye su nesa shi ke nan. Sai abin da ke kewaye da wurin, wanda shi ne damuwarmu. Layin dogo. Turakun lantarki na ƙarfe da taransifoma. Ƙofar gareji, shingen waya, tankin ruwa, kwantena, tirela ko tanka da aka ajiye, tsibin rodi na mai gini. Rufin kwano ma yana ciki, domin kwanon da muka saba da shi baƙin ƙarfe ne aka yi masa shafe, sai dai na alminiyom ne ba ya ja. Har da wanda ido ba ya gani: bututun ruwa da aka binne, rodin da ke cikin ginshiƙi da dakin, tsohon inji da ƙasa ta rufe. Ita kanta wutar lantarki in tana gudu a cikin waya tana iya motsa allura, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Oersted ya gano haka tun shekarar 1820.

Yanzu don Allah jama'a ku duba irin wuraren da muke zaune a ƙasar nan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Badun a shekarar 1901, ya kuma kai Kano bayan kamar shekara goma, kakanninmu suka riƙa bin dogo da shanu da goro. Aka kafa wannan unguwa ta Sabo a shekarar 1916. Je ka Agege, je ka Shagamu, je ka duk inda Bahaushe ya yi zango a kurmi, za ka same shi kusa da tasha, ko kusa da kara, ko inda manyan motoci suke sauke kaya. Wato dai mu mutanen gefen ƙarfe ne, abincinmu a can yake. Filin da muke magana a kansa ma haka ne. Abin da ya sa ƙasa ta yi daraja a wajen Moniya da Akinyele shi ne sabon dogon da ya taso daga Ikko, wanda aka buɗe a shekarar 2021, ga kuma kara da manyan motoci. Duk abin da ya ja mu wurin, shi ne kuma yake jan allura.

Akwai kuma wanda ba ɗan Adam ne ya ajiye ba, wato tama da ke cikin ƙasa. Wani irin baƙin dutsen tama shi kansa mayen ƙarfe ne. Bayan an ɗauke ruwan sama, ku duba inda ruwa ya gudu ya bar baƙin yashi, ku sa yaro ya ja mayen ƙarfe a ciki, sau da yawa za ku ga ya fito da gashi-gashi baƙi a jikinsa. Direbobinmu masu bi ta Okene zuwa Lokoja sun san Itakpe, inda gwamnati ta buɗe ma'adinin tama don ciyar da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. A irin wannan ƙasa ba mai hankalin da zai dogara da kamfas. A ƙasar Rasha akwai wani yanki da ake kira Kursk, tun a ƙarni na 18 aka lura allura tana ruɗewa a can, daga baya aka tarar da tama ce jibge a ƙarƙashin ƙasa, tana daga cikin mafi yawa a duniya. Su ruɗewar allura ta zame musu arziki. Mu a nan shari'a take jawo mana.

To ta yaya ake kama allura in ta yi ƙarya? A nan nake so a natsu, domin wannan shi ne abin da kowa zai iya tambayar mai awo, ko da bai taɓa shiga aji ba. Mu 'yan kasuwa mun san cewa ba a karɓar ƙirgen mutum ɗaya. Mai sayar da goro zai ƙirga ƙwarya, mai saye ma ya ƙirga, in an dace a ɗaure huhu. Haka awon kirki yake. Kowace iyaka sau biyu ake karanta ta: a tsaya a dutse na ɗaya a dubi na biyu, sannan a taka zuwa na biyu a juyo a dubi na ɗaya. Tunda layi ɗaya ne, an dube shi ta gaba an dube shi ta baya, tilas bambancin lambobin biyu ya zama 180 cif. In ka tafi a kan 70, dawowa 250. In ka tafi a kan 160, dawowa 340. In an samu haka, ana kyautata zaton duka wuraren biyu lafiya suke. In ba a samu ba, to akwai mai ja a ɗaya daga cikinsu ko a duka biyun.

Ranar da muka je filin da wani safiyo mai rajista don ya ba mu shawara, ya ɗauko kamfas ya gwada mana wannan a gabanmu. Na gyara lambobin sun zama cikakku don sauƙin lissafi, amma yadda abin ya kasance ke nan. Filin kusurwa huɗu ne, tsawo kamar ƙafa 600, faɗi kamar 360, wato wajen eka 5, fuloti 30 in an yanka shi 60 da 120 kamar yadda ake yi a nan ƙasar Yarbawa. Daga dutse na ɗaya zuwa na biyu aka samu 70, dawowa 250. Lafiya lau. Daga na biyu zuwa na uku aka samu 160, da aka je na uku aka juyo sai ga 344 maimakon 340. An samu rarar digiri 4. Tunda mun riga mun shaidi dutse na biyu, laifin yana wurin na uku ke nan. Da muka duba, ashe gangar jikin wata tsohuwar tanka ce kwance a cikin ciyawa, taku kaɗan daga dutsen. Daga na uku aka dubi na huɗu, allura ta ce 254. Sai safiyo ya ce duk abin da aka karanta a kan wannan dutse akwai rarar 4 a cikinsa, a cire ta, ya zama 250. Aka je na huɗu aka juyo, sai ga 70. Lissafi ya rufe.

Muka ciro takardar da mutumin masu ƙasa ya ba mu. Abin da ya rubuta a wannan iyaka 254 ne. Ban ce ya yi da gangan ba, ban kuma yi zaton haka ba. Ya karanta abin da allura ta nuna masa ne, sau ɗaya, ya wuce.

Wani zai ce digiri 4 a cikin 360 ai ba komai ba ne. To a lissafa. Digiri ɗaya tak, in an yi tafiyar ƙafa 100, yana kautar da mutum kusan ƙafa ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Digiri 4 a kan tsawon ƙafa 600 ya kai wajen ƙafa 42 a can ƙarshe. Yankin da ke tsakanin layin gaskiya da layin takarda, tsini a nan faɗi a can, ya kai kusan fuloti biyu. Kuma abin kaifi biyu gare shi. In duwatsun suna inda ya kamata, takarda ce ta karkace, to ranar da aka zo da na'urar kirki aka bi lambar takardarmu, iyaka za ta shigo cikin filinmu, mu yi asarar abin da muka biya. In kuwa da kamfas ɗin aka tsaya a wannan wuri aka nemo inda za a kafa dutse na huɗu, to dutsen zai faɗa cikin gonar maƙwabci, mu kewaye ƙasar wani ba mu sani ba. Na farko asarar kuɗi ce. Na biyu ya fi muni, domin gefen nan shi ne aka ware wa maƙabarta. Shago ana rushe shi a sake gini. Amma a ce bayan shekara goma kotu ta yanke cewa sahu biyu ko uku na kaburburan iyayenmu suna cikin ƙasar wani, ina za mu sa kanmu? Malamai suna nan, sun fi ni sanin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan azabar wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, da wanda Muslim ya ruwaito na tsinuwa a kan mai sauya alamar iyaka. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Mu kuwa yanzu mun sani.

Kada kuma mu manta da matsayinmu. Da yawanmu a nan aka haife mu, a nan aka haifi iyayenmu, amma ranar da rigimar ƙasa ta tashi ba wanda zai tambayi shekara nawa muka yi. Ɗan gari yana da dattawan zuriyarsu da za su zo su ce tun kakanmu iyakar daga bishiyar can take zuwa rafin can. Mu ba mu da wannan. Shaidarmu takarda ce da dutse. In su biyun suka saɓa wa juna, mun tashi a tutar babu. Da yawa a cikin ɗakin nan sun san 'yan'uwan nan namu biyu da suka sayi fuloti jere da juna shekarun baya, ba sai na kama suna ba. An auna musu ne a lokacin da wurin yake matsayar tireloli. Ɗaya ya yi katanga, ɗaya ya zo gini bayan shekaru da nasa mai awon, aka ga katanga ta shigo. Kowa yana rantsuwa yana da gaskiya, kuma kowa da takardarsa. Sai da aka kai gaban Sarki sau uku, aka rushe katanga, har yau gaisuwarsu ba ta koma daidai ba. Ni a ganina babu ɓarawo a cikinsu.

Sai dai in faɗi gaskiya, shi ma gwajin 180 ɗin ba ya kama komai. In aka yi rashin sa'a duwatsu biyu suna da ja iri ɗaya, misali duka suna jere a gefen dogo, kowanne ya karkata da digiri 3 ta fuska ɗaya, bambancin zai fito 180 daidai, alhali duka biyun ƙarya ne. Kamar mai saye da mai sayarwa ne su yi awo da mudu ɗaya mai lotsattsen gindi. Haka kuma in saɓanin rabin digiri ne ko ƙasa da haka, ba lalle ƙarfe ba ne, yana iya zama idon mai karatu, domin irin wannan kamfas rabin digiri ne ƙaramin zanensa. Abin da ja ba ya taɓawa shi ne kusurwa. In ka tsaya a dutse ɗaya ka dubi na baya ka dubi na gaba, rarar da ta shiga wannan ita ta shiga wancan, in an ɗebe ɗaya daga ɗaya sai ta fita. Shi ya sa masu ilmin abin suka fi dogara da kusurwa, shi ya sa kuma na'urorin da suke kafawa a kan ƙafa uku kusurwa suke aunawa da madubi, ba ruwansu da allura.

Akwai wani abu dabam da ba na so a haɗa shi da jan kusa. Arewar da allura take nunawa, ko a dajin da babu ko ƙusa, ba ita ce ainihin arewa ba, akwai 'yar tazara a tsakaninsu, kuma tazarar tana sauyawa da shekaru saboda cibiyar jan tana tafiya. Da tana can ƙuryar arewacin Kanada, a 'yan shekarun nan ta nufi wajen Rasha. A ƙasarmu tazarar ta ragu ƙwarai, ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba, amma a zamanin Turawa ta fi haka nesa ba kusa ba, ta wajen yamma. Wannan sananne ne, akwai lissafinsa, safiyo yana iya gyarawa yana zaune a ofis. Jan kusa kuwa ba ya cikin littafin kowa, yau yana nan gobe an janye tanka ya tafi. Na kawo wannan ne saboda masu tsofaffin takardun gado. Kada wani ya ɗauko taswirar kakansa ya kama kamfas ya fita neman iyaka, ya tayar da fitina da maƙwabci a banza.

Maganar waya kuma, 'ya'yana matasa, ba raina ku nake yi ba. Kamfas ɗin waya shi ma jan nan yake ji, duk abin da ke ruɗa allura yana ruɗa shi, har ya fi, tunda wasu rigunan waya da mayen ƙarfe ake rufe su. Jujjuya wayar da kuke yi a iska yana gyara abin da ke cikinta ne, ba ya kawar da tirelar da ke gefenku. Taswirar waya da ke nuna inda mutum yake, ita ba ruwanta da ƙarfe don daga tauraron ɗan Adam take karɓa, amma takan kauce da mita da dama, balle a ƙarƙashin bishiyoyi ko tsakanin benaye. Ta isa ta kai ka gidan biki, ba ta isa ta raba ka da maƙwabci ba. Ta masu safiyo dabam ce, ita tana kai wa ga 'yan santimita, kuɗinta ma dabam ne.

Wannan ya kawo ni ga alƙibla, tunda masallaci da kaburbura duka suna bukatarta. Daga nan Badun Ka'aba tana wajen digiri 64 daga ainihin arewa, daga Ikko wajen 63, daga Kano wajen 68. Wato ba gabas sak ba ce, gabas ce maso arewa. Sau nawa muka ga an shiga masallaci bayan an zuba dakin, an ajiye kamfas a kan daɓen da ke cike da rodi, wannan ya samu nan, wancan ya matsa taku uku ya samu can, a tashi ana musu? Rodi ne yake wasa da su. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda yake nesa da Makka fuskantar jiha ce a kansa, saboda haka ban ce a je a tayar da maganar tsofaffin masallatai ba, wannan na malamai ne. Amma sabon gini da ba a haƙa harsashinsa ba, me zai hana a daidaita shi tun ƙasa tana fili, kafin a sauke rodi ko guda? Safiyo zai iya fitar mana da layin da na'urarsa. Akwai ma hanyar da ba ta bukatar ko kwabo. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. A rataya igiya da dutse a ƙarshenta, a zana inuwarta a ƙasa, layin ke nan. Matsalar dai damina ce, ga hadarin Badun, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ba ya kawo wani bambanci.

Aikin safiyo tsohon ilmi ne a ƙasar nan. Shi kansa Herbert Macaulay da ke jikin tsohuwar takardar Naira ɗaya safiyo ne. Makarantarsu ta tarayya, wadda aka kafa a shekarar 1908, tana nan kusa da mu a garin Oyo. A shekarar 1989 gwamnati ta kafa majalisar da ke yi musu rajista, wadda ake kira SURCON, kuma wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da ikon sa hannu da hatimi a taswirar fili. Tun dokar ƙasa ta shekarar 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma ba a samun takardar shaidar mallaka sai da taswirar da ofishin babban safiyo na jiha ya yarda da ita. Takardar da ke hannunmu yanzu ba za ta wuce ƙofar wannan ofis ba. Ko ba don tanka ba, tilas a sake awo. Mai rajista zai ɗaure duwatsunmu da lambobin taswirar gwamnati, yadda ko an tumɓuke dutse da dare ana iya mayar da shi gurbinsa. Zai kuma duba mana ko wani ɓangare ya faɗa cikin ƙasar da gwamnati ta riga ta karɓa, ko cikin haramin dogo, ko ƙarƙashin babban layin wuta, inda ake barin mita 25 kowane gefe in mafi girman layin ne, mita 15 in mai bi masa ne. Araha ba ta ado, jama'a.

Abin da kwamiti yake nema a wurinku shi ne izinin riƙe cikon kuɗin har a sake awo, a biya bisa abin da awon ya fitar, in ƙasa ta ragu kuɗi ya ragu, in ta ƙaru mu cika. Ranar awon muna so a gayyaci masu ƙasar da maƙwabta na kusurwa huɗu da baalen yankin, kowa ya ga inda dutse ya shiga da idonsa, a rubuta sunayensu, a ɗauki hoto. Muna bukatar matasa kamar ashirin da adduna don share layin iyaka, kuma in an zo awo su ajiye addunan can nesa. 'Yan'uwanmu masu ƙarafa sun ce in mai tankar ya yarda za su saye ta su yanka su kwashe, mun gode musu. Masu fuloti na kansu a wannan yanki da suke son a duba musu nasu a tafiya ɗaya, su ba sakatare sunayensu kafin Juma'a mai zuwa, domin in aikin ya yi yawa za mu samu ragi.

Ranka ya daɗe shugaba, iyakar abin da aka aiko ni da shi ke nan, mai tambaya yana iya yi. Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan magabatanmu.